Masai mai injin markaɗe: sharhi kan Saniaccess 3 da iyakar abin da yake iyawa

Duk masan tangaran da aka saba gani, a gida ne ko a ofis ko a otal, aikinsa ya dogara ne kan gangara. Ruwa ya sauko daga tanki, ya kwashi ƙazanta, ya bi ta babban bututu mai faɗin milimita 110, wanda masu aikin famfo ke kira inci 4, sannan ya gangara da nauyin kansa har ya isa magudanar gari ko ramin da aka tanada. Muddin akwai wannan gangarar, babu inji, babu waya, kuma babu abin da zai lalace in ban da 'yan kayan cikin tanki. Matsala tana tasowa ne ranar da aka buƙaci ban-ɗaki a wurin da gangarar ba ta samuwa, kamar ɗakin ƙarƙashin ƙasa wanda daɓensa ya fi magudana zurfi, ko ɗakin da aka fitar a cikin rufi nesa da babban bututu, ko lungun ƙarƙashin matakala a tsakiyar gida, inda bututun inci 4 ba zai isa ba sai an fasa daɓe an ratsa falo. Domin irin waɗannan wurare ne aka ƙera masai mai injin markaɗe, wanda ke niƙa abin da ya shige shi, ya tura shi sama ta siririn bututu.

Wanda nake sharhi a kansa shi ne Saniaccess 3, ƙirar kamfanin SFA na ƙasar Faransa, wanda ke aiki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan da muke zaune a gabashin Landan, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen jan bulo da aka gina a jere, bango manne da bango, tun zamanin Sarauniya Biktoriya. An haƙa irin wannan ɗaki ne domin ajiye kwal, ba domin mutum ya kwana a ciki ba, saboda haka magudanar gidan tana sama da daɓensa. Da aka gyara shi ya zama ɗakin baƙi, zaɓi biyu ya rage: ko baƙo ya riƙa hawa matakala biyu cikin dare, ko a nemo abin da zai ɗaga ƙazanta zuwa sama. Ra'ayina game da na'urar, bayan ta daɗe tana aiki, shi ne tana cika alƙawarin da aka yi a kanta, sai dai alƙawarin yana da iyaka. Masai ne na biyu, mataimakin wanda ke aiki da gangara, kuma duk wanda ya mai da shi masan gida tilo ya ɗora masa kayan da ba a ƙera shi domin ɗauka ba.

Kamfanin SFA ya fara aiki a shekarar 1958, kuma shi ne ya yaɗa wannan fasaha. Yana sayar da kayansa da sunan Sanibroyeur a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, da sunan Saniflo a Ingila da Amurka. Na'urar ta samu kasuwa sosai a tsofaffin benayen birnin Paris, inda ƙananan ɗakunan can ƙololuwa, waɗanda a da 'yan aikin gida ke kwana a ciki suna haɗa masai guda a baranda, suka koma ɗakunan haya na ɗalibai da kowannensu ke son ban-ɗakin kansa.

Abin da ido ke gani farin akwati ne na roba, faɗinsa kusan rabin mita, zaune a ƙasa tsakanin bayan tangaran da bango. Dole ne tangaran ɗin ya zama mai mafita ta baya, a kwance, wadda tsakiyarta ke da tsayin kimanin santimita 18 daga daɓe, domin ta shiga bakin akwatin kai tsaye. Idan aka danna ruwa, abin da ya fito sai ya zuba cikin akwatin, ruwan ya taso, nauyinsa ya danne wata faifan roba mai laushi da ke ƙarƙashin gidan injin, ita kuma ta tura wani ɗan makunni, injin ya tashi. Shi injin a rufe yake ruf cikin gidansa, yana iyo cikin mai wanda ke sanyaya shi, ruwa ba ya kaiwa gare shi. A kan sandar ƙarfen da yake juyawa akwai abubuwa biyu: wuƙaƙen ƙarfe mara tsatsa a sama, cikin wani kwando mai huji-huji, da farfela a ƙasa. Wuƙaƙen suna juyi kusan 2,800 a minti, suna mai da ƙazanta da takarda ruwa-ruwa har su iya ratsa hujin kwandon, farfelar kuma ta tura su waje ta bututu mai faɗin milimita 22 ko 28 ko 32. A bakin mafitar akwai bawul mai buɗewa ta gefe guda, wanda ke hana abin da ya riga ya hau komowa cikin akwati idan injin ya tsaya. Da zarar ruwa ya ja baya, robar ta saki makunnin, shi ke nan. Aikin duka ba ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 20.

Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta da wata alaƙa da maɓallin tanki. Tsayin ruwan da ke cikinta kawai take ji, shi ya sa ruwan kwanon wanke hannu da na shaya, waɗanda ke shiga ta ƙananan kafofin da ke gefenta, su ma suke tayar da ita. Lambar da ke jikin sunan tana nuna yawan abin da za a iya haɗa mata: Saniaccess 1 masai kaɗai yake ɗauka, na 2 ya ƙara da kwanon wanke hannu, na 3 kuma ya ƙara da shaya da kwanon tsarki. Haka kuma ba ta taɓa kwashe ruwan ƙarƙaf, kullum akwai saura a gindinta, kuma wannan sauran ne tushen wari idan aka bar ta ba wanki.

Alƙaluman da ke jikin takardar na'urar sun ce tana ɗaga ruwa mita 5 a tsaye, ko ta tura shi mita 100 a kwance, kuma a kan wannan "ko" ne masu saye da yawa suke tuntuɓe, domin ba a samun biyun a lokaci guda. Duk mita 1 da aka hau yana cinye kimanin mita 10 na tafiyar kwance, kuma duk kwanar da bututu ya sha tana rage kusan rabin mita daga ƙarfin hawa. Wanda zai hau mita 3 ya sha kwana biyu, to lissafinsa kamar ya hau mita 4 ne, abin da ya rage masa a kwance bai kai abin da ya gani a kwali ba. Akwai kuma ƙa'idar da ba a saɓawa: hawa ake fara yi, dab da akwatin, sannan a kwanta, kuma bututun da ya kwanta ana ba shi 'yar gangara ta aƙalla santimita 1 a kowane mita domin ya tsiyaye da kansa bayan injin ya tsaya. Idan aka juya tsarin, aka yi doguwar tafiya a kwance kafin a hau, ruwa zai riƙa kwana a bututun, nauyinsa duka yana kan ɗan bawul ɗin. A gidanmu hawan bai kai mita 3 ba, daga nan bututun ya bi ƙarƙashin silin zuwa babban bututun da ke bayan gida, kuma ban taɓa jin alamar injin yana wahala da wannan nisa ba.

Abin da ya sa na fifita wannan samfuri a kan 'yan uwansa shi ne murafu biyu da ke samansa. A tsofaffin samfura, idan wani abu ya maƙale, sai an kwance tangaran, an cire bututu, an jawo akwatin gaba ɗaya da abin da ke cikinsa, aikin da babu mai aikin famfon da ke yin sa da fara'a ko da araha. A nan kuwa murfi ɗaya yana kaiwa ga kwandon wuƙaƙe, ɗayan kuma ga ɓangaren makunni da kayan wuta, ana buɗe su da sukudireba alhali akwatin yana zaune inda yake. Wannan ƙaramin sauyi ne a ƙira, amma shi ne bambancin gyaran rabin sa'a da na rabin yini. Sai dai amfaninsa yana ɓacewa ne idan mai gida, domin son kyau, ya sa an rufe akwatin da katako da tayil ba tare da barin ƙofar dubawa ba, abin da ake yawan yi.

Ƙara tana nan, kuma duk wanda ya ce babu ita bai kwana kusa da na'urar ba. Ba ta da tsanani, gurnani ne na 'yan daƙiƙu wanda da rana hayaniyar gida ke shanye shi, amma da dare ana jin sa sarai, musamman idan akwatin yana taɓa bango ko bututun bai sami madauri masu roba ba, domin a lokacin bangon da katakon daɓe su ne ke ɗaukar jijjigar su kai ta ɗakin maƙwabci. A gidan Musulmi akwai wani lokaci da masu tallar na'urar ba su lissafa da shi ba, wato alwalar Asuba. Mai alwala yana barin famfo a buɗe na ɗan lokaci, ruwan yana taruwa kaɗan-kaɗan, injin ya tashi ya tsaya, ya sake tashi ya tsaya, a daidai sa'ar da unguwa ta fi yin tsit, wadda a tsakiyar bazarar Landan takan faɗo tun kafin ƙarfe uku na dare. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa wannan bai dame mu ba, amma da a ce saman ɗakin kwanan wani aka ɗora ta, da magana ta sha bamban.

Babban sharaɗin zama lafiya da na'urar shi ne a san abin da take ci, kuma jerin gajere ne: abin da ya fito daga jikin mutum, takardar ban-ɗaki ta gama-gari, da ruwa. Jiƙaƙƙen tsumman goge jarirai, audugar mata, famfas, tsinken goge kunne, zaren sakace, gashi mai yawa, leda, duk wuƙaƙen ba sa yanka su, naɗe su suke yi har injin ya cije. Tsumman goge jarirai shi ne ya fi kowanne ɓarna, ko da an rubuta a jikin ledarsa cewa ana iya zuba shi a masai, domin zarensa ba ya narkewa a ruwa. Shi ne ma ya haɗu da daskararren mai ya zama dunƙulen nan mai nauyin kusan tan 130 da tsawon mita 250 da aka tarar ya toshe magudanar unguwar Whitechapel ta Landan a 2017, kuma abin da ya iya toshe magudanar da mutum ke shiga cikinta ba zai ji tsoron bututun milimita 22 ba. Wani maƙwabcinmu da ya ba da gidansa haya ɗaki-ɗaki ya sanya wani inji mai araha irin wannan a ƙasa, mutane da yawa suna amfani da shi, kowa na jefa abin da ya ga dama, kuma motar mai gyara ta zama 'yar gida a ƙofarsa. Laifin ba na injin ba ne kaɗai. Na'ura ce da ke buƙatar a san masu shiga, a iya yi musu bayani, su kuma ji. Kwandon shara mai murfi a gefen tangaran da 'yar takardar gargaɗi a bango suna cikin kayan aikinta, ko da yake ba a saka su a kwali.

Ga masu tsarki da ruwa akwai riba da kuma cikas. Ribar ita ce takarda kaɗan ce ke shiga, ruwa kuma yana da yawa, wanda shi ne abin da injin ya fi so, saboda haka buta ko ɗan tiyon tsarki ba sa cutar da shi da komai. Cikas ɗin yana ga daɓe. Mu mun saba da ban-ɗakin da ake jiƙa ƙasansa, a kwarara ruwa a share shi zuwa rariya, to amma rariyar da ke daɓe ta fi kafofin akwatin ƙasa, ruwanta ba zai hau ya shiga ba. Dalilin ke nan da ya sa ko tiren shaya sai an ɗaga shi kimanin santimita 15 a kan dakali kafin ruwansa ya gangara cikin akwatin, kuma wannan takun yana iya zama wahala ga tsoho mai ciwon gwiwa, wanda sau da yawa dominsa ne aka yi ban-ɗakin tun farko. Na'urar tana jure fantsamar ruwa, amma ba a yi ta domin ta zauna cikin ruwan da ya kwanta ba. Masan tsuguno kuwa ba ya haɗuwa da ita sam, tunda mafitarsa ƙasa take kallo.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ainihin raunin duk wani inji irin wannan, ko wane kamfani ne ya ƙera shi. Cin wutarsa ba abin damuwa ba ne: wat 400 ne, kuma idan ya tashi sau 20 a yini, kowane tashi daƙiƙa 15, jimillar aikinsa minti 5 ne, abin da bai kai cin ƙwan fitila ɗaya da aka bari a kunne da yamma ba. Damuwar ita ce ranar da babu wutar. Akwatin yana iya ɗaukar zubi ɗaya, wataƙila biyu, daga nan ya cika, kuma abin da ya cika shi zai nemi mafita ta wuri mafi ƙasa, wato tiren shaya. Najasa ce ke tasowa a inda ake wanka, kuma wanda ya taɓa ganin haka ba ya buƙatar a sake yi masa gargaɗi. Hukumomi sun san da wannan. Sashen G na ƙa'idojin gini na Ingila ya yarda a sanya masai mai inji ne kawai idan mazauna gidan suna da wani masan da ke zuba kai tsaye ta gangara, kuma ma'aunin Turai mai lamba EN 12050-3, wanda ƙananan na'urori irin wannan ke ƙarƙashinsa, ya ɗauke su a matsayin kayan amfani taƙaitacce, na mutane kaɗan. A Faransa, mahaifar na'urar, dokar tsabta ta larduna ta hana sanya ta a sabon gini, ta bar ta ga tsofaffin gidajen da ba su da wata hanya, kuma mai ɗaki a benen haɗaka yakan nemi amincewar sauran masu ginin kafin ya ɗora. Ina ganin wannan ita ce shaida mafi ƙarfi game da matsayin na'urar: inda mai zanen gini ke da damar shirya gangara tun daga tushe, babu dalilin kawo inji.

Rabin ingancin na'urar yana hannun wanda ya ɗora ta. Bututun fita ya zama na jan ƙarfe ko na roba mai tauri wanda ake haɗawa da gam, ba tiyo mai lanƙwasa ko haɗin turawa ba, tunda ruwan da ƙarfi yake tafiya. Inda ake buƙatar kwana, a yi ta da guda biyu masu digiri 45 maimakon guda mai digiri 90. A bar wurin tsiyaye ruwa a gindin bututun da ya miƙe, domin ranar gyara kada abin da ke ciki ya zubo wa mai aiki, kuma duk inda bututu ya fita waje a naɗe shi saboda ƙanƙarar hunturu. Wutar kuma a jawo ta ta hanyar na'urar kariya mai katsewa da zarar ta ji zubar wuta ta miliyamfiya 30, aikin da ma'aikacin lantarki mai lasisi ya kamata ya yi. Samfurin Turai yana numfashi ta matatar gawayi da ke murfinsa, na Amurka kuwa ƙa'idojin can suna neman a haɗa shi da bututun iska da ke fita ta rufi.

Ruwan Landan yana fitowa ne daga ƙasa mai alli, kuma farin ɓawon da yake bari a gindin butar shayi shi ne yake bari a cikin akwatin, ya taru a jikin faifan robar nan har ta ƙage ta daina jin nauyin ruwa yadda ya kamata. Maganinsa wanki ne lokaci-lokaci da ruwan magani mai sinadarin fosforik da ake sayarwa domin wannan aiki: a kashe wuta, a zuba shi ta tangaran, a bar shi sa'o'i biyu, a kunna, a kora da ruwa. Mazauna Manchester ko Birmingham, waɗanda ruwansu ke zuwa daga tafkunan tsaunuka, ba sa buƙatar yin haka da yawa kamar mu. Maganin buɗe toshewa mai zafi da bilic mai yawa suna cinye robobin ciki, haka ma tafasasshen ruwa, don haka ba a haɗa mata injin wanki ko kwanon kicin. Na'urar tana faɗar ciwonta da sauti, ga wanda ya saurara. Idan tana tashi da kanta babu wanda ya shiga, to ko tanki yana ɗiga cikin tangaran, ko bawul ya daina rufewa ruwa yana komowa. Idan ta tashi ta ƙi tsayawa, a duba robar da makunni, ko toshewa a bututu. Idan kuwa tana gunji ba ta juyi, wani abu ya cije wuƙaƙen ko kafasito, ɗan kayan wutar da ke ba injin ƙarfin tashi, ya mutu, kuma abin yi shi ne a kashe wutar nan take. Masu aikin famfo sukan ambaci shekara 10 zuwa 15 a matsayin tsawon ran wadda aka kula da ita.

Tana da abokan gasa na ƙwarai. Sololift2 na kamfanin Grundfos na ƙasar Denmak yana da inji mafi ƙarfi, wat 620 a samfurin WC-3, kuma an tsara shi yadda za a zare injin a gyara ba tare da an tsoma hannu a ƙazanta ba. A Amurka akwai Ascent II na Liberty Pumps da Qwik Jon na Zoeller. Shi kansa SFA yana da Sanibest Pro mai wat 1,100, wanda aka yi domin wuraren da ba a iya tsare abin da ake jefawa, kamar gidan haya ko ƙaramin ofis, kuma shi ya dace da halin da maƙwabcin nan namu ke ciki. Wanda kuma yake son ya mai da ɗakin ƙasa cikakken gida, da kicin da injin wanki da masai fiye da ɗaya, ya wuce ajin waɗannan akwatuna gaba ɗaya, abin da yake buƙata shi ne babbar tashar ɗaga ruwa, ko ramin da ake haƙawa a daɓe a saka famfo a ciki, kamar yadda aka saba a ɗakunan ƙasa na Amurka.

Kuɗin na'urar ɗaruruwan fam ne, kafin a zo ga tangaran da ladan mai famfo da na mai wuta. Da tsada idan aka gwada da masai na gama-gari, wanda ba ya buƙatar komai a bayansa sai bututu, amma ba da shi ya kamata a gwada ba. Abin gwadawa shi ne kuɗin fasa kankare, da haƙa, da sake daɓe da tayil, a ƙasar da ladan ma'aikaci na yini guda ya isa ya sayi rabin na'urar. A kan wannan ma'auni ne take cin riba: ɗakin ƙasa, ɗakin rufi, gareji da aka mai da ɗaki, ban-ɗakin ƙasa domin dattijon da hawa bene ya gagare shi, ko tsohon ginin tarihi da doka ta hana a taɓa daɓensa.

Wannan ma'aunin ne kuma ya sa nake jan hankalin 'yan uwa da suka gan ta a nan suka yi sha'awar aika ta gida, Kano ko Kaduna ko Maraɗi. A can lissafin a juye yake. Haƙa da fasa daɓe ba su da tsada, ramin sokawe yana cikin fili ɗaya da gidan, in ban da wasu unguwannin Abuja da ke haɗe da matatar najasa ta Wupa, wuta kuwa ba ta da tabbas, kuma idan ta zo da rauni injin yakan yi gunji ya ɗau zafi maimakon ya juya. Mai gina sabon gida ya sa a shirya masa gangara ya huta. Inda za ta iya amfani shi ne shago ko ofis a cikin rukunin shaguna inda mai gini ya hana fasa daɓe, ko ɗakin ƙasa a babban bene, kuma ko a nan sai idan akwai sola da inbata mai ƙarfin ɗaukar fizgar da injin ke yi lokacin tashi, wadda ta ninka wat 400 ɗin da aka rubuta. Ruwan rijiyar burtsatse mai yashi yana dakusar da wuƙaƙe, kuma ƙazantar da aka niƙa laushi tana daɗewa kafin ta kwanta a ɗakin farko na rami, don haka ramin da ya yi ƙanƙanta zai riƙa tura ta gaba ta toshe inda ruwa ke tsotsewa.

Wanda duk da haka ya ga yana da buƙata, ya sayi samfurin Turai mai bolt 220 zuwa 240, wanda ya dace da wutar Najeriya da Nijar, ya guji na Amurka mai bolt 120, domin ko an rage masa ƙarfin wuta da taransifoma, an ƙera shi ne domin wuta mai bugu 60 a daƙiƙa alhali tamu 50 ce. Ya kuma yi hattara da samfurin Sanicompact, wanda injinsa ke cikin tangaran kuma ba shi da tanki, domin yana neman ruwa mai matsin da ya kai na tankin da ke sama da shi da kusan mita 17, tsayin da tankin kan rufin yawancin gidaje bai kai ba. Kuma ya haɗo da faifan roba da makunni da bawul da kafasito na ajiya a cikin kwali ɗaya da na'urar, tare da takardar bayaninta, ya zauna da mai famfon da zai ɗora ta su bi zanen bututun tare kafin a yanka ko guda.